Mutum Ɗaya, Lamba Ɗaya

"Ba zan maimaita ba, Auta. Yaron nan ya daina taka ƙofar gidan nan."

"Gidan Baba ne, Yaya. Ba naka ba."

Ta faɗa ba tare da ta ɗago ba. Tana durƙushe gaban ƙaramin teburin falo, tana rarraba wa mahaifinsu ƙwayoyin rana a cikin murafan kwalba: na suga a farin murfi, na hawan jini a ja, na ƙoda a shuɗi. Yaya na tsaye a kanta, makullin motar kamfani na yawo a yatsarsa. Shi ne babban wanta, direba ne, gidan nan kuwa sai hanya ta biyo da shi yake leƙowa. Ƙofar ɗakin Baba a ɗan buɗe take, amma cikinsu babu wanda ya kula.

Yaya ya ce shi ba don yaron kafinta ne yake ƙinsa ba, sana'a sana'a ce. Ta ce wanda yake kira yaro shi ne mai tashi tun gari bai waye ba ya tsaya wa mahaifinsu layi a asibiti, ɗan da aka haifa kuwa sai aiko da gaisuwa ta waya. Maganar ta shige shi, ta gani a wuyansa. Amma maimakon ya daka mata tsawa, sai ya sassauta murya.

"Layin wa yake tsayawa?"

"Na innarsa ne da can. Da aka canja mata rana ya ci gaba da karɓar mana. Ai ka sani."

"Kin taɓa ganin innar?"

Hannunta ya tsaya a kan jan murfin.

"Ba ta fita... ƙafa ce ke damunta."

"Ta rasu, Auta. Tun yana makaranta ta rasu."

Ta ɗago ta dube shi.

Ya ce mai raba lamba na ƙofar likitan ƙoda ne ya neme shi takanas, ya ce amana ce ta sa ba zai iya yin shiru ba. Babu wata inna. Lambar da kafintan ke miƙo mata duk wata tasa ce. Shi ne majinyacin. Suga tun yana ƙarami, hawan jini, ga ƙoda. Duk abin da ke jikin Baba yana jikinsa, shi da ko furfura ɗaya bai yi ba.

Murfin ya suɓuce. Ƙwayoyin suka watse a siminti, suka gangara ƙarƙashin kujera.

"Ƙarya ne..."

"Je ki tambaye shi. Kin ƙarar da ƙuruciyarki a jinyar mutum ɗaya, yanzu ki ɗauko na biyu ki kai ɗaki? Ina raye?"

Yaya ya ci gaba da magana, a kan maƙaryaci, a kan mutuncin gida, a kan abin da dangi za su ce. Ba ta ji ko ɗaya ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai.

In dai lambar tasa ce, to tun ranar da suka haɗu bai ga likita ba.

*

Ba a wurin daɗi suka haɗu ba.

Asibitin da Baba ke zuwa ya yanyanka jikin mutum ya raba gida-gida. Suga na wannan ginin, ƙoda na can ƙarshe, bayan wurin ajiye motoci. Kowane likita da ciwon da ya sani. Sau ɗaya a wata ake fito da fayil ɗin mutum, sai ranar Baba ta suga da ta ƙoda suka faɗo safiya ɗaya. Ta roƙi a raba, aka ce tsarin ke nan. Doka kuwa ɗaya ce a ƙofofin biyu: mutum ɗaya, lamba ɗaya, kuma sai wanda aka gani tsaye da ƙafarsa. Baba ba ya iya tsayuwa. Ita kuma ba ta rabuwa biyu.

Sai ta koma zaɓe. Wannan watan suga, wancan ƙoda. A wani watan da ta tsallake ƙodar ne wani likita ya rubuta wa Baba maganin ciwon guiwa, ƙafafunsa suka cika kamar an hura. Da suka samu shiga, likitan ƙoda ya ɗaga kwalin maganin yana tambayar wane mara hankali ne ya ba shi wannan. Ta ce likita ne. Ya jefa kwalin a kwandon shara, ya ce kada ta sake tsallake masa wata.

Bai faɗa mata yadda za ta yi ba.

Mai raba lambar mutum ne mai gogaggiyar riga da yawan turare. Ya taɓa ce mata lamba ba ta ƙarewa ga mai sakin fuska, ya nemi ya san gidansu. Ta ce gidansu ba ya karɓar baƙi. Tun daga ranar, lamba ta riƙa ƙarewa daidai kanta.

Wata safiya ta karɓi ta suga, ta bar Baba a benci, ta kwasa da gudu ta ratsa motoci. Ta tarar an rufe taga. Ta zauna a bakin baranda, ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da ta daɗe tana ajiyewa.

Wani hannu mai dusar katako a farce ya miƙo mata guntun kwali.

"Karɓi. Innata ba ta samu zuwa ba yau."

Mutanen layi Sarkin Layi suke ce masa, don ba a taɓa riga shi zuwa ba. Dogo ne, mara yawan magana, shagonsa na bayan katangar asibiti. Wata na zagayowa ya sake miƙo mata kwalin. Na gaba ya ce an canja wa Inna rana, amma shi jikinsa ya saba da sammako, zai ci gaba da karɓa. Ta yarda. Ba ta tambaya ba, don tana bukatar ta yarda.

Daga raka su bakin mota, sai ga shi a gida yana gyara ƙafar teburin keken ɗinkinta. Baba ya ɗauke shi abokin tsokana, yana ce masa Kafinta mai ƙusa ɗaya, shi kuma ya ce ai ƙusar ɗaya ce ta riƙe kujerar da Baba ke kai. Ita kuma Likitar Gida yake kiranta, don ta san sunan kowace ƙwaya da lokacinta. In ya faɗa, sai ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka.

Baba ya murmure. Kumburin ya sauka, har yana fita ƙofar gida da sandarsa yana yi wa masu wucewa ba'a.

Shi kuma Kafinta kumatunsa suka fara cika.

Ta tuna yadda ta riƙa tsokanarsa. Ta ce soyayya ta karɓe shi, ta ce in ya ci gaba a haka sai ya faɗaɗa ƙofar shago. Ta tuna ya daina sa takalminsa daidai, sai dai ya take bayansa, ta ce masa lalaci ne. Shi dai dariya kawai yake yi.

Ita da ke duba ƙafar Baba kullum safe.

Ita Likitar Gida.

*

Ba ta tsaya kwashe ƙwayoyin ba. Ta ja mayafi ta fita, Yaya na kiranta.

Rana ta take lokacin da ta isa shagon. Injin yankan katako a kashe yake. Rabin gado na jingine a bango, an fara shi ba a gama ba. Shi kuma yana zaune a kan benci, ya jingina kai da katako, bakinsa a ɗan buɗe yana jan iska. Da ya gan ta ya yi saurin miƙewa zaune, ya ɗauki guduma kamar mai aiki.

"Likitar Gida. Yau ɗinki ya yi hutu ne?"

Ta matso kusa. Ta durƙusa gabansa a cikin dusar katako, ta ɗage ƙafar wandonsa. Ya so ya janye, ta riƙe. Ta ɗora babban yatsanta a ƙwaurinsa ta danna, kamar yadda take yi wa Baba.

Ta ɗauke yatsan.

Ramin ya zauna. Bai ciko ba.

Su biyun suka tsaya suna kallonsa.

"Yaya jikin Inna?" ta tambaya.

Ya ajiye gudumar a hankali.

"Wa ya faɗa miki?"

"Yaya jikin Inna, na ce."

"Allah ya ji ƙanta."

Sai a lokacin ta zauna daɓas a ƙasa. Duk hanya tana roƙon ya ce ƙarya ne, ya yi fushi, ya ce mai raba lamba ɗan hassada ne. Da ya yi hakan da ta yarda.

Bai yi musu ba. Ya ce ranar farko tausayi ne kawai, ya ga wata ɗaya ba zai kashe shi ba. Rana ta biyu kuma ya ga Baba. Daga nan abin ya zama kamar bashin da ba a tambaye shi ba. Magani kuwa yana sha, yana kai tsohon kwali kemis a ba shi irinsa. Ta tambaye shi gwajin jini fa. Ya kawar da kai.

"Da ka faɗa min, da ni na tsaya wa Baba, kai ka tsaya wa kanka. Sugar ta jira. Da mun san yadda muka yi!"

"Da na faɗa miki, da kin tafi."

"Wa ya ce maka?"

"Ke."

Ta tsura masa ido.

Ya tuna mata wata rana a bakin mota, ana yayyafi, Baba na gyangyaɗi a kafaɗarta. Ta ce masa ta gaji. Ta ce warin asibiti ya shiga kayanta har wanki ba ya fitar da shi. Ta ce ita in Allah ya kawo miji, ba ta neman kuɗi ba ta neman kyau, mai lafiya kawai, wanda ko ciwon kai ba ya yi. Suka yi dariya a lokacin. Ya ce a ranar ya zo da niyyar faɗa mata.

Ta tuna. Har rigar da ke jikinsa ta tuna.

"Wasa nake yi..."

"Ba wasa kike ba, raina. Kuma ba ki yi laifi ba."

Ta so ta rungume ƙafar nan mai kumburi, ta so ta kwaɗa masa mari. Abin da ya fito daga bakinta ya fi marin zafi. Ta ce ya cuce ta. Ta ce duk wata ya riƙa yanko ransa yana miƙo mata a guntun kwali, ita kuma tana karɓa tana godiya kamar sakarya. Ta ce yanzu duk sanda ta ga Baba ya taka da ƙafarsa, me yake so ta gani?

Ya ce ta gani Baba na tafiya, shi ke nan.

Sannan ya ce Yayanta ya fi shi gaskiya. Ta je ta sami mai lafiya. Shi dama gadon nan na bango nasu ya fara yi, amma zai sami mai saye.

Ta miƙe, ta kakkaɓe dusar daga zaninta.

"Gobe ranar likita ce."

"Na sani. Zan karɓar wa Baba kamar kullum."

"In ka sake miƙo min lamba, wallahi a gabanka zan yaga ta."

Ta fita. Sai da ta sha kwana ta dafa katangar asibitin, ta tsaya.

*

Ta tarar Yaya bai tafi ba. Ƙwayoyin kuwa an tsince su tas, an mayar kowace a murfinta. Baba ne zaune a falo, sandarsa a tsakanin guiwoyi, gefen rigarsa duk ƙura. Da rarrafe ya bi su ƙarƙashin kujera.

Bai tambaye ta inda ta je ba.

Yaya ya fara cewa ai gara da aka gane da wuri. Baba ya ɗaga hannu ya dakatar da shi. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, waɗanda suka saɓe suka koma nasa, yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yau ya fara ganinsu.

"Ashe aro na yi," ya ce.



Ya dubi Yaya ya ce gobe shi zai kai su asibiti a motar. Yaya ya ce yana da lodi da safe. Baba ya ce lodin ya jira, ai shi ma an jira shi wata tara kafin a haife shi. Daga nan ya nemi ruwa, ya sha na farin murfi, ya sha na ja. Na shuɗin ya daɗe a tafinsa kafin ya haɗiye.

*

Da safe ta bar layin suga, ta tsaya a na ƙoda da kanta. Kafinta na gabanta, ya riga kowa kamar kullum, sai dai yau a jingine yake da bango, kuma sau biyu ta ga guiwarsa ta lanƙwashe. Ba su yi wa juna magana ba. Lissafinta mai sauƙi ne: shi ya karɓi tasa, ita ta karɓi ta Baba, su shiga duka.

Aka buɗe taga.

Mai raba lamba ya karɓi katin Kafinta, ya juya shi gaba da baya, ya turo masa abinsa. Ya ce ai wannan fayil ɗin an mayar da shi ajiya. Wanda ya yi watanni ana kiran sunansa ba ya amsawa, an ɗauka ya warke ko ya koma wani wuri. Sai ya koma ƙofar farko, ya ga likitan kowa da kowa, a rubuto shi, a sa shi a jerin sababbi. Wata tsohuwa a layi ta ce ita jerin nan ta shiga da rani, ba a kira ta ba sai da ruwa ya sauka.

Auta ta ce ai duk watannin nan yana ba shi lamba. Mutumin ya ce lamba ta mai tsayuwa ce, fayil kuma na mai amsawa. Da can ya kawar da kai ne, yanzu kuma an ja masa kunne. Ya faɗa yana murmushi, yana kallonta ita, ba Kafinta ba.

Ya miƙo mata ta Baba.

Lamba ɗaya.

Ta tsaya da guntun kwalin a hannu, mutane na ture ta. A benci ga Baba, wanda ya taɓa tsallake wata ɗaya ƙafarsa ta cika. A bango ga Kafinta, leɓɓansa sun yi fari. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Kwalin ya jiƙe da gumin tafinta.

Kafinta ya ce ba komai, zai bi ƙofar farkon. Ya juya zai tafi. Baba ya sa kan sandarsa ya maƙalo gefen rigarsa.

"Zauna nan, mai ƙusa ɗaya. Ban sallame ka ba."

Ya zauna. Yaya na tsaye can gefe, yana duba waya yana tsaki.

Hantsi ya ɗaga kafin nas ta leƙo ta kira lambarsu. Dokar ɗakin kowa ya santa: majinyaci da mai riƙe shi mutum ɗaya, ba ƙari. Auta ta miƙe ta kama hannun Baba kamar yadda ta saba. Ya zare hannunsa. Ya karɓi kwalin daga yatsunta, ya dafa kafaɗar Kafinta.

"Yau wannan ne zai riƙe ni."

"Baba..."

"Ke kin gaji. Zauna."

Kafinta ya buɗe baki, tsohon ya matse masa kafaɗa har ya yi shiru. Suka nufi ƙofar a hankali. Daga baya ba ka iya cewa wane ne ke riƙe da wane.

Ƙofar ta rufe.

Ta zauna. Ta miƙe. Ta sake zama. Ta cikin katakon tana jiyo muryar likita ta ɗaga, tana jiyo ta Baba ƙasa-ƙasa, ba ta sauka ba ta hawa, irin wadda yake yi in ya riga ya yanke magana. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Yaya ya mayar da wayarsa aljihu.

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi. Nas ta fito da sauri, ta wuce su, ta dawo tana tura keken marasa lafiya.

Auta ta miƙe tsaye. Ba ta san sunan wa za ta kira ba.

Kafinta aka turo a keken, kansa a sunkuye, an riga an manna masa auduga a hannu. Bayansa Baba ya fito shi kaɗai, yana dogara sanda, fayil ɗinsa a hammata ko buɗe shi ba a yi ba.

Yaya ya tare shi yana tambayar me ya faru, me likita ya ce a kan nasa jikin. Baba ya ce nasa jikin sai wata mai zuwa. Ya ce likita ya so ya kore su, ya ce ba a haka, lamba ta mai fayil ce. Shi kuma ya ce masa ya ji, amma ya dubi ƙafar yaron nan sau ɗaya kafin ya kore su. Da ya duba, bai ƙara maganar doka ba. Ya dai tambaya ko wane ne shi a wurinsa.

"Na ce masa surukina ne."

Yaya ya yi baya kamar an watsa masa ruwa.

"Baba, wane irin..."

"Na tsufa ban yi wa likita ƙarya ba." Tsohon ya dube shi ido cikin ido. "Kada ka mayar da ni maƙaryaci."

*

Ɗakin da aka kwantar da shi gadaje ne jere, labule tsakaninsu. An ɗaga masa kai da matasai don ya samu numfashi. Ta tsaya a ƙarshen gadon, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

"Kin yaga lambar?" ya tambaya, muryar da ƙyar.

"Rufe min baki."

"Likitar Gida..."

"Kada ka ƙara kirana haka. Likitar da ta ga kumburi ta ce ƙiba ce."

Hawayen suka zubo. Ya miƙo hannun da ba a soka wa allura ba, ta matso ta kama. Hannun ya yi nauyi, ya yi sanyi, dusar katako na nan a farcen. Ya ce har yanzu tana da damar tafiya, ba zai riƙe ta a zuciya ba, maganar Baba maganar ceton rai ce kawai. Ta ce ya yi wa kansa ƙarya ya yi mata, kada ya ƙara da yi wa Baba. Ta ce mai lafiyar da ta ce tana so ta fasa. Wannan take so, da sugarsa, da hawan jininsa, da taurin kansa.

"Za ki gaji, raina."

"Na riga na gaji. Sai me?"

Ya rufe ido, ya ja hannunta ya ɗora a ƙirjinsa. Ta bar shi a nan.

Baba ya samu kujera a gefen gadon, Yaya na tsaye a bakin labule, lokacin da nas ta zo da bayani. Ta ce an zo a makare, amma ba a makara duka ba. Za a fara yi masa wankin ƙoda, kuma ba sau ɗaya ba ne, abu ne na kowane mako. Injinan na wani ginin, su ma da layinsu, sai an yi sammako. Sugarsa kuma sai an buɗe masa sabon kati a can gaba. Tsoho shi ma kada ya sake tsallake wata, na ƙoda da na suga duka, ta faɗa tana nuna Baba da biro. Ta ƙara da cewa majinyacin ba zai iya tsayuwa ba yanzu, sai a samo masu tsaya masa.

Ta ja labule ta wuce gado na gaba.

Auta ta dubi Baba, ya sunkuyar da kai kan sandarsa. Ta dubi Kafinta, idonsa a rufe, yatsunsa sarƙe da nata. Ta dubi ƙafafunta guda biyu a cikin silifas, ƙurar wurin ajiye motoci duk ta rufe su.

Sannan ta juya ga Yaya. Makullin motar ya daina yawo a yatsarsa.

"Ni zan tsaya a ɗaya," ta ce a hankali. "Sauran fa, Yaya? Wa zai tsaya?"